Halima Sadiya da Shafin da Ke Jan Ƙafa

A Kalgo in ka ce Halima Sadiya, sai a ce maka, "Wace? Mai kwamfuta?" Ita ce dai. Doguwar mace ce mai 'yar rama, ta ba arba'in baya da 'yan shekaru. Ba a san ta da faɗa ba, ba a kuma san ta da sakin jiki ba. Ko gaisuwa ka tsawaita mata, sai ta ɗago kai ta dube ka ta saman tabarau, tana jiran ta ji abin da ke bayan gaisuwar.

Haifaffiyar Gwandu ce. Mahaifinta, Malam Abubakar, tela ne a bakin kasuwa, da safe kuma yana karantar da manya a zaurensa. Shi ya dage sai da ta gama sakandare, ya kuma kai ta makarantar koyon buga tafireta a Birnin Kebbi. Can ta sami aikinta na farko a wani ofishi, daidai lokacin da ake ajiye tafireta ana sayo kwamfuta. Hannunta na da sauri, ba ta kuskuren harafi, har manyan ofishin suka riƙa wuce tsofaffin ma'aikata suna kawo mata takardunsu.

A shekararta ta uku abin ya same ta. An ba ta jerin sunayen waɗanda za a tura horo, ta buga, ta tashi sallar azahar ta bar kwamfutar a buɗe. Ta dawo ta fitar da takarda, aka sa hannu. Bayan mako guda aka gano an cire sunaye biyu an maye su da wasu. Mutum biyar ne a ɗakin ranar, babu wanda ya ga komai. Ita aka ce ta tattara nata ya nata. Da ta koma gida tana kuka, mahaifinta bai tsayar da keken ɗinkinsa ba. Cewa ya yi, "Ɗiyata, ba a tambayar wanda ya shiga. Wanda ya bar ƙofa buɗe ake tambaya."

Tun daga ranar Halima ba ta sake barin komai a kan na'ura ba. In ta gama aikin mutum ɗaya, sai ta rufe, ta goge duk abin da burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta ajiye, sannan ta kira na gaba. Ko 'ya'yanta ba su san lambar buɗe wayarta ba. Mijinta, Malam Basharu, manomin shinkafa ne a fadamar Kalgo, mutum mai sanyin hali. Yakan ce shi ya auri mace mai kwaɗo biyu a kowace ƙofa, kuma bai taɓa asarar ko allura ba.

Aurensa ya kawo ta Kalgo, kuma ta dalilinsa ta zama sakatariyar wata ƙungiyar manoman fadama mai rassa biyu, ɗaya a Kalgo, ɗaya a Gwandu. Shekara tara ta yi a ɗan ofishin nan mai taga ɗaya, ba a taɓa kama ta da komai ba. Sai bazarar da aka kawo rajistar injin ban ruwa.

Wata hukumar agaji ce ta ce za ta raba injuna masu aiki da hasken rana da irin shinkafa, amma sai manomi ya yi rajista a shafin intanet cikin kwana goma. Wani kamfani ne ya gina shafin, wakilinsa kuma wani Umar Faruk, mai yawan murmushi da turare, ya zo ya nuna yadda ake cikewa ya tafi. A Kalgo aka ba Halima aikin. A Gwandu aka ba Salihu, ɗan kawunta, mai shagon buga takardu a bakin tasha. Taubashinta ne, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Ranar farko ta yi wa mutum goma sha tara. Shafin in ta buɗe shi sai ya tsaya fari fat, wani ɗan zobe na juyawa a tsakiya, minti uku, minti huɗu, wani lokaci ya yanke ta sake daga farko. Da yamma Salihu ya kira yana dariya, ya ce shi ya wuce ɗari, a ƙauyukan Gwandu mutanen Kambaza sun gama, gobe Dodoru. Ta kira Umar Faruk, ya ce ai sabis ɗin Kalgo ne ba shi da ƙarfi. Ta ajiye waya ta buɗe wasu shafuka uku, duk suka buɗe nan take. Ta zauna tana kallon allo. Ta tuna ranar da aka zo nuna shafin, yadda Umar Faruk ya ja Salihu gefe suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa, har ya rage masa hanya a motarsa.

Ba ita kaɗai ke zargi ba. Manoman Diggi, wani ƙauye na reshen Kalgo, sun zo tun safe a kan babura, suka cika inuwar darbejiyar da ke gaban ofis, rana ta take, aka yi wa shida sauran suka koma. Washegari haka. A rana ta uku shugabansu, Alhaji Nagoggo, dattijo mai kaifin baki wanda ya yi kamun kifi kafin ya koma noma, ya shigo ya tsaya a kanta.

"Malama, mi ke faruwa? Ƙanen matata na Kambaza ya ce ko zama bai yi ba aka gama mashi. Mu kwana uku muna ƙona mai."

"Baba, ga shi kana gani. Shafin ne ba ya buɗewa."

"Shafi guda ne ko biyu?"

"Guda ne."

"To shi shafin ya san mutanen Gwandu ne? Ko ko mai riƙe da shi ce ta san su?"

Maganar ta soki Halima. Shekara goma sha bakwai tana aure a garin nan, ta haifi 'ya'ya uku, ashe har yau 'yar Gwandu ce da aka ba amana. Da aka tashi sallah ta kulle ƙofa ta kira Fiddausi.

Tare suka koyi tafireta da Fiddausi, amma ita ta ci gaba da karatu, yanzu tana koyar da ilimin kwamfuta a wata kwaleji a Birnin Kebbi. Ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta ce, "Sadiya, daina hasashe. Shafi ba abu ɗaya ba ne, tarkace ne da yawa: hotuna, rubutu, ƙananan manhajoji, kowanne daga inda aka ajiye shi ake ɗauko shi. Burauzarki kuwa tana rubuta kowanne: sunansa, lokacin da ta aika a kawo shi, tsawon lokacin da ya ɗauka, da nauyin abin da ya iso. Sai dai da kin rufe shafin bayanin ya tafi. Zan turo miki layi ɗaya na umarnin kwamfuta. Ki danna maɓallin F12, wata taga za ta buɗe, ki rubuta shi a ciki. Zai tattara bayanin ya mayar da shi rubutu, irin tsarin da muke kira Jeson, wanda za ki iya ajiyewa, ki buga a takarda, ki aika wa wanda kike so."

"Ba zai kwashi sunayen mutane ba?"

"Ba ruwansa da abin da kika cike."

"Kin tabbata?"

Fiddausi ta yi tsaki. "Ni ma ba ki yarda da ni ba? Ki karanta da idonki in ya fito."

Ta karanta ɗin kuwa. Abin ya fito dogon rubutu cike da baka-baka da waƙafi, guntaye sittin da ɗaya, kowanne da adireshinsa da lambobinsa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin biro, ba ta ga sunan kowa ba. Fiddausi ta ce lambobin lokaci kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Yawanci ɗari biyu ne, ɗari biyar, dubu ɗaya. Sai guda ɗaya, taswirar gonakin jihar gaba ɗaya, da ya nuna dubu ɗari da casa'in da wani abu. Fiye da minti uku ke nan. Nauyinsa kuma ya ninka na sauran duka a haɗe.

Ta maimaita sau bakwai a yini biyu, tana ajiye kowanne a filashi da kwanan wata da lokaci. A karo na ƙarshe Alhaji Nagoggo ya leƙo ta taga ya ga baƙar tagar nan da rubutu na zuba. Bai shigo ba. Ta ji shi a waje yana cewa, "Na gani da idona. Akwai wata ƙofa ta baya da take shiga. Wanga abu ba banza ba." Kafin la'asar maganar ta kai fadama, Malam Basharu ya dawo gida bai iya cin tuwo ba. Ya tambaye ta a hankali ko akwai abin da ya kamata ya sani. Ta dube shi ta ce, "Har da kai?" Ya sunkuyar da kai.

Rana ta shida ta rufe ofis ta ce za ta duba Inna. Ta hau mota zuwa Birnin Kebbi, ta sauya ta Gwandu. Ta gaida mahaifiyarta, ta sha fura, ba ta ko cire mayafi ba ta wuce tasha.

Shagon Salihu cike yake da mutanen Dodoru. Yana ganinta ya washe baki. "A'a, a ba ta hanya, baƙuwa daga ƙauye! An zo koyon aiki wurin manya?"

Da can da ta rama. Yau cewa ta yi, "Salihu, ara mini kwamfutarka minti biyar."

Ya tashi ya ba ta kujera yana ci gaba da zolaya. Ta sabunta shafin, ya buɗe kafin ta ɗauke yatsa. Ta danna F12, ta fito da 'yar takarda daga jaka ta kwafi layin, ta sa filashinta. Dariyar Salihu ta tsaya.

"Mi kike ɗauka?"

"Lokacin da shafin ke ɗauka kafin ya buɗe."

"Don mi?"

"Ina son in gwada da nawa."

Ya dube ta, ya dubi mutanen da suka zuba musu ido. Ya rage murya. "Sadiya, bincikena kika zo yi? A gaban mutane? Cewa kike na haɗa baki da wani?"

"Ban ce ba."

"Ba sai kin ce ba. Gama ki tashi, ina da aiki."

A tsakar gidansu, ƙarƙashin rumfa, ta baje takardun biyu a kan tabarma, nata da na Salihu da ta buga a wani shago a hanya. Inna na tsintar shinkafa tana satar kallonta. Ga taswirar nan a na Salihu, suna ɗaya, adireshi ɗaya. Lokaci: arba'in da biyu. Ba dubu arba'in da biyu ba, arba'in da biyu kawai, ko ƙiftawar ido bai kai ba. Nauyin abin da ya iso ta intanet: sifiri. Wani irin daɗi mai ɗaci ya taso mata. Nan take ta kira Fiddausi.

"Na kama su. Shi ba a aiko masa da kayan nan ko kaɗan. Ni ake ɗora wa."

Fiddausi ta sa ta karanto lambobin da ke gefen sifirin. Da ta ji su sai ta ce, "Shi Salihu yana rufe burauza tsakanin mutum da mutum?"

"Ina fa. Tun safe a buɗe take, kowa na gani."

"Ke fa?"

"Ni kin san ni. Kowane mutum sabuwar tagar sirri, in na gama in goge komai."

"To Sadiya, an aiko masa. Sau ɗaya, ranar farko. Burauzarsa ta ajiye taswirar a ma'ajiyarta, kullum daga nan take ɗaukowa, shi ya sa kika ga sifiri. Ke ma taki tana ajiyewa. Ke kike zubarwa, duk bayan mutum ɗaya, ki sake aikawa a ɗauko daga farko."

Halima ta dubi takardun da ke kan tabarma. Kaji na ta tsattsagar tsakuwar da Inna ke watsarwa. Kwana shida, dattawa a rana, man babur, ashe duk aikin hannunta ne.

"Kada ki ɗauki laifin duka," in ji Fiddausi. "Wanda ya ɗora taswirar jiha sukutum a kan fom ɗin manoman karkara, shi ma ya yi ganganci. Akwai wani abu kuma?"

Akwai. Tun a Kalgo ta ja layi a ƙarƙashinsa. Guntu na hamsin da takwas ba daga adireshin kamfanin yake ba, ba kuma na hukumar ba. Wasu haruffa ne da lambobi marasa ma'ana, yana nan a nata, yana nan a na Salihu, kuma duk ma'aunan nauyinsa sifiri ne.

"Wannan sifirin daban ne," in ji Fiddausi. "Wani gida ne na waje, bai ba da izinin a auna shi ba, sai burauza ta rufe lambobin. Yana iya zama mai ƙirga baƙi ne kawai, shafuka da yawa na da shi. Yana iya zama wani abu. Takardarki ta nuna an je can. Ba ta nuna abin da aka kai ba."

Washegari da hantsi ta sa aka kira shugaban ƙungiya da Alhaji Nagoggo. Ta shimfiɗa takardun a tebur, ta bayyana musu da Hausar da za su gane: kaya ne mai nauyi da ya kamata a ɗauko sau ɗaya a ajiye, ita kuma tana mayar da shi kullum saboda tsoron kada sirrin wani ya zauna a na'ura. Ta buɗe shafin a gabansu, suka jira minti uku. Ta sake buɗewa ba tare da ta goge ba, ya fito nan take.

Alhaji Nagoggo ya gyara zaman hularsa. "Ashe dai hannunki ne."

"Hannuna ne, Baba. Amma ba da niyya ba."

"Niyya Allah ya san ta," ya ce. "Mu dai rana muka sani."

Nan take ta kira Umar Faruk ta sa a amsa-kuwwa. Da ya ji bayanin gogewa sai ya yi dariya, ya ce ai ya faɗa matsalar daga Kalgo take. Ta bar shi ya gama. Sannan ta faɗa masa nauyin taswirar, ta ce ta tura wa hukumar takardun bakwai tare da roƙon ƙarin kwanaki. Dariyar ta ragu. Ta karanto masa adireshin nan harafi bayan harafi, ta ce, "Wannan fa, na wane ne?"

"A ina kika ga wannan, Hajiya?"

"A kwamfutata."

"Kayan aiki ne kawai. Injiniyoyinmu suka san shi."

"To a ba ni lambar injiniyan."

Ya ce zai turo. Bai turo ba. Bayan kwana biyu ta sake gwada layin nan, ta ga taswirar ta koma 'yar ƙarama, guntaye kuma sun zama sittin. Na hamsin da takwas ya ɓace, ba wanda ya ce da ita komai.

Hukumar ta ƙara kwana uku. Halima ta ɗauki kwamfuta, Malam Basharu ya goya ta a babur zuwa Diggi, ta zauna a zauren Alhaji Nagoggo tana yi wa mutane rajista daga safe har la'asar. An kawo mata ruwa da dafaffen kifi, amma dattijon bai bar gefenta ba, idonsa na kan yatsunta. Duk da haka mutum goma sha huɗu ba su samu shiga ba, don sun riga sun fid da rai sun tafi ci-rani. Biyu daga cikinsu har yau ba sa amsa gaisuwar mijinta da kyau. Fiddausi ta nuna mata yadda za ta goge sunaye da lambobin mutane ta bar wa burauza kayanta, ta koya, ko da yake takan duba sau biyu.

Ta je Gwandu ta ba Salihu haƙuri a gaban kawunta. Ya ce ba komai, ya wuce. Amma ya daina tsokanarta. In sun haɗu a suna ko biki sai ya gaishe ta cikin ladabi kamar surukarsa, wannan kuwa ya fi mata zagi ciwo.

Da damina ta sauka, manoma suka fara samun saƙo a waya daga lambobin da ba su sani ba, ana kiran kowa da cikakken sunansa da sunan ƙauyensu, ana tallata masa maganin ƙwari. Wasu suka ce ai ko'ina ana samun lambar mutum yanzu. Halima ta fito da takardunta ta kai wa shugaban ƙungiya, ya juya su ya ce wannan ba hujja ba ce. Ta san gaskiya ya faɗa.

Ranar wata Laraba tana shirin rufe ofis wayarta ta yi ƙara. Salihu ne.

"Malama Halima, ina wuni. Mutanen Dodoru sun zo mani da maganar saƙonnin nan. Cewa suke ni na sayar da lambobinsu." Sai ya ƙara da cewa, "Wancan layin da kika rubuta a kwamfutata, ki turo mani. An kawo wata sabuwar rajista, ta takin zamani, ina son in duba kafin in sa sunan kowa."

Ta ce to. Ta nemo layin ta rubuta, yatsanta na kan wurin aikawa, sai ta tsaya. Dubawa yake son yi, ko so yake ya san iyakar abin da take iya gani? Ta yi istigfari a ranta, ta aika. Sannan ta ƙara masa wani saƙon a ƙasa: in ya fito, ya turo mata kwafi.